Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Magana Ga Masu Shirin Ƙetare

Kowace shekara idan lokacin haɗa wannan mujalla ya yi, akan ba malamai fili su yi wa 'yan aji shida ban kwana da 'yar nasiha. A bana mun zaɓi mu taɓa wata magana wadda ta cika bakin ɗalibai a ɗakin kwana, ta kuma cika bakin iyaye a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, wato maganar fita ƙasar waje. Da can idan ka tambayi yaro abin da yake so ya zama, sai ya ce likita, ko injiniya, ko matuƙin jirgin sama, tun da ga makarantar koyon tuƙin jirgi nan kusa da mu a Palladan. Yanzu kuwa sai ya amsa maka da Ingila ko Kanada, kamar sunan ƙasa shi ne sunan sana'a. 'Yan'uwanmu na Kudu sun raɗa wa abin suna da Yarbanci, suna ce masa "japa", wato a gudu kada a waiwaya.

Bari mu faɗi ra'ayinmu tun daga farko. Tafiya ba laifi ba ce, ba ma kuwa hana kowa. Amma muna cewa duk wanda zai tafi, ya tafi da sana'a a hannunsa, da takardar gaskiya a aljihunsa, da sanin irin zaman da zai tarar a can. Mu kuma da muka rage a gida akwai nauyin da ke kanmu, wanda sau da yawa mukan manta da shi.

Mu ma a garin baƙi muke zaune

Idan akwai mutanen da ya kamata su san halin baƙunci, to, mu ne mutanen Sabon Gari da Samaru. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, da shi kuma aka sami akawuna, da kafintoci, da masu gyaran inji, da 'yan kasuwa daga Ikko, da ƙasar Ibo, har da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Turawan mulki ba su bar su sun zauna cikin ganuwa ba, sai aka yanka musu fili kusa da tasha, aka kira shi Sabon Gari. Sunan PZ da muke hawa mota muna ambata kullum, sunan kamfanin Paterson Zochonis ne, wanda shi ma baƙo ne a nan. Samaru kuwa gonar gwajin noma ce ta fara tara mata mutane, sa'an nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, malamai suka zo daga Ingila, da Indiya, da ƙasashen Afirka dabam dabam. Da yawa daga cikinmu kakanninmu daga Kudancin Kaduna, ko Filato, ko Binuwai, ko Adamawa suka zo, wasu aikin reluwe ya kawo su, wasu aikin soja a Difo, wasu karatu.

Ku tambayi tsofaffin da suka rage yadda aka yi suka kafu. Za ku ji abu uku suna maimaituwa a bakinsu. Kowa ya zo da abin da ya iya yi da hannu ko da alƙalami. Kowa ya sauka a wurin wani wanda ya riga shi zuwa, ya kwana a zaurensa ko a barandarsa har ya sami ɗaki. Kowa kuma ya fara daga ƙasa, ya yi haƙuri shekara da shekaru kafin ya sayi fili. Haka Hausawa 'yan fataucin goro suka kafa zango a Kumasi da Akara, baƙo ya sauka wurin mai masauki, shi zai tsaya masa a kasuwa, shi zai shaide shi idan magana ta taso. Haka 'yan ci-rani suke yi har gobe. Jirgin sama ya gajarta hanya, amma waɗannan abubuwa uku suna nan yadda suke.

Ƙasar wani ba ta da tabbas

Darasi na biyu da tarihinmu ya koya mana shi ne, zaman baƙo a hannun masu ƙasa yake. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, Hausawa da Yarbawa masu ɗimbin yawa suka dawo, wasu a can aka haife su. A watan Janairu na 1983 mu ma muka yi irin wannan, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da izinin zama, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka tafi. Iyayenmu da yayyenmu suna tuna malaman lissafi da na Turanci 'yan Gana da suka cika makarantun sakandare a wancan zamani. Jakar nan mai zane-zane da muke zuba kaya a ciki idan an yi hutu, daga wannan kora ta samo sunanta. A nan Samaru ma, Dokta Patrick Wilmot, mutumin Jamaika, ya koyar a jami'a tun 1970, amma a 1988 gwamnatin soja ta sa shi a jirgi ta fitar da shi daga ƙasar.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, ƙasashen Turawa suna bin doka. Gaskiya ne suna bin doka, amma su ne masu canza ta, kuma ba sa shawara da baƙo. Dubi Ingila kaɗai. A Fabrairun 2022 ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, mutanenmu suka yi ta tafiya da iyalinsu. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da mata ko miji da 'ya'ya. A Maris na wannan shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma zuwa da iyali. A Yulin 2025 aka rufe ɗaukar sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Cikin shekara uku da 'yan watanni ƙofa ta buɗe ta kuma rufe. Kanada ma ta rage yawan ɗaliban da take karɓa tun daga 2024. Cacar bizar Amurka kuwa, wadda ta fitar da mutane da yawa a shekarun 1990, an cire Nijeriya daga cikinta tun 2013. Saboda haka labarin da ɗan maƙwabcinku ya ba ku na yadda ya tafi shekara huɗu da suka wuce, mai yiwuwa ne ba shi da sauran amfani a yau.

Watannin farko

Hoton da ake turowa a waya na mutum cikin babbar riga yana tsaye a kan ƙanƙara, ba ya nuna yadda yini yake wucewa. Bari mu ɗan zayyana abin da waɗanda suka faɗi gaskiya suke faɗa.

Abu na farko shi ne wurin kwana. Mai gida ba zai ba ka ɗaki ba sai ya ga shaidar izinin zamanka, da shaidar albashi, da wanda zai tsaya maka, da kuɗin ajiya. Banki kuma yakan nemi adireshi kafin ya buɗe maka asusu, mai ba da aiki shi ma yana neman asusun da zai zuba albashi. Sai ka ga baƙo yana ta zagaye, kowace ƙofa tana jiran ɗaya ta buɗe tukuna. A nan ne amfanin mai masauki yake fitowa. Wanda ya sauka babu kowa, kuɗin guzurinsa a masaukin haya suke ƙarewa kafin ya gane gabas da yamma.

Na biyu shi ne sanyi da duhu. A Ingila a watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma. Sanyin hunturun da muke kuka da shi a Samaru, muna hura wuta a tsakar gida, wasa ne. A can ɗumama ɗaki kuɗi ne, ana biya kamar yadda ake biyan wutar lantarki, ga kuma harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da ma'aikaci yake haya.

Na uku, babu mai yi maka komai. Kai ne mai cefane, kai ne mai girki, kai ne mai wanki. Yaron da ya gama aji shida bai iya dafa shinkafa ba, zai ƙare kuɗinsa a abincin kanti. Masu 'ya'ya kuwa nasu ya fi nauyi. A Hayin Dogo ko Muciya uwa takan bar yaro wurin maƙwabciya ta tafi kasuwa. A can renon yaro kuɗi ne masu yawa, barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida kuma yana iya jawo hukuma ta shigo cikin maganar, haka ma dukan da mu muke ɗauka horo ne. Shi ya sa za ka ga miji yana aikin dare, mata tana na rana, suna haɗuwa a bakin ƙofa, wannan na shiga wannan na fita.

Na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne kaɗaici. Mu mun saba da gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Mutum yana iya yin shekara a gida ɗaya da wani bai san sunansa ba. Idan ka kwanta ciwo ba mai leƙo ka, sai ka buga waya ka nemi ranar ganin likita. Akwai waɗanda wannan shiru ya taɓa musu hankali, suna kuma jin kunyar faɗa wa gida.

Neman aiki

Ga inda yawancin masu digiri suke shan mamaki. Takardar da aka yi biki a kanta a gida, a can sai an auna ta tukuna. A Kanada akwai hukumomin da ke tantance takardun karatun waje, kuma suna so makarantar da ka gama ta aika musu da sakamakonka kai tsaye. Ma'aikaciyar jinya da ke son aiki a Ingila sai ta ci jarrabawar Turanci irin su IELTS ko OET, ta ci ta kwamfuta, sa'an nan ta yi ta gwajin aiki da hannu bayan ta isa. Likita yana da tasa jarrabawar, PLAB. Malamin makaranta ma haka. Daga Fabrairun 2023 Ingila ta ba malaman Nijeriya masu digiri da ke koyar da lissafi, ko kimiyya, ko harsuna damar neman shaidar koyarwa ta can, amma samun shaidar dabam, samun makarantar da za ta ɗauke ka dabam. Kowace jarrabawa kuɗi ce, kowace kuma tana cin watanni.

Kafin wannan ya kammala dole a ci abinci. Saboda haka injiniya yakan fara da ɗaukar kwali a sito, akanta ya yi gadi, mai digiri na biyu ya yi wa tsoho wanka ya canza masa zanen gado. Mai ba da aiki yakan tambaya ko ka taɓa aiki a ƙasar, alhali jiya ka sauka. Hanyar da mutane ke bi su warware wannan ita ce su karɓi ƙaramin aiki, ko su yi aikin sa kai na ɗan lokaci, domin su sami wani ɗan ƙasa da zai shaide su. Ashe ko a can sai da mai tsaya maka.

Akwai kuma bambancin ɗabi'a. Takardar neman aiki a can ba a sa hoto, ba a sa shekarun haihuwa, ko jihar asali, ko addini. Abin da ka taɓa yi da abin da ya haifar ake so a gani, cikin shafi biyu. A wurin ganawa, mu mun koya muku ku sunkuyar da kai gaban babba, wannan ladabi ne a wurinmu. A can wanda ya ƙi kallon idon mai tambaya sai a ɗauka yana ɓoye wani abu. Mun koya muku kada ku yabi kanku, a can kuwa sai ka buɗe baki ka ce ni na yi kaza, ga yadda na yi. Idan an ce ƙarfe tara, to, ƙarfe tara ɗin ake nufi. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza, wannan kuwa ba ya nufin mutum ya zubar da tarbiyyarsa.

Kada kowa ya ga ƙasƙanci a fara daga ƙasa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya mulki ƙasar nan shekara tara. Da aka hamɓarar da shi ranar 29 ga Yuli 1975 yana wurin taro a Kamfala, sai ya tafi Ingila ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi, har jaridu suka buga hotonsa yana bin layin abinci tare da sauran ɗalibai. Ya daure har ya sami digirin dokta. Idan tsohon shugaban ƙasa ya bi layi, ɗan aji shida ba shi da dalilin ɗaga hanci.

Mu yi lissafi

Yawancin iyaye sukan ce, a dai haɗa kuɗin jirgi da kashin farko na makaranta, idan ya isa zai yi aiki ya biya sauran. Bari mu ɗauki alli mu gwada. Doka a Ingila ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa. Awa 20 sun ba da fam 244 a mako, wato wajen fam 1,058 a wata. To, a Janairun 2025 gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙayyade cewa ɗalibin da ke wajen Landan sai ya nuna yana da fam 1,136 na kowane wata domin ci da sha da haya, na Landan kuwa fam 1,483. Kun ga ke nan ko ya sami aikin tun ranar da ya sauka, abin da zai samu bai kai kuɗin zama ba, balle kuɗin makaranta, wanda ake lissafa shi da dubban fam. Gaskiya ne lokacin hutu ana iya yin cikakken aiki, amma hutu ba ya cike wannan rami. Wanda kuma ya zarce awa 20 a ɓoye, yana wasa da bizarsa ne.

Sa'an nan ga naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya sayar da gona ya ajiye kuɗin shekara biyu, ya wayi gari kuɗin ba su kai na shekara ɗaya ba. A 2024 an ji labarin ɗaliban Nijeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Gona ta tafi, digiri bai samu ba. Wannan shi ne abin da muke tsoro.

Dillalai

Inda duk aka sami masu ɗoki, za a sami masu cin kasuwarsu. Akwai masu sayar da takardar ɗaukar aiki a kan miliyoyin naira, su ce aiki yana jiranka. Mutum ya isa ya tarar kamfanin suna ne kawai, ko kuma aikin awa kaɗan ne a mako. Gwamnatin Ingila ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 na masu ɗauko ma'aikatan kula da tsofaffi. Ma'aikacin da aka soke wa kamfani akan ba shi kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar, kuma irin bizarsa ba ta ba shi haƙƙin tallafin gwamnati. Ƙa'idar mai sauƙi ce: aikin gaskiya shi ke biyan ka, idan an ce ka biya kafin a ba ka aiki, ka tsaya ka yi tunani.

'Yan mata su ƙara kula da masu alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa, inda tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure ma'aikaci ga wanda ya ɗauko shi, wasu har a karɓe musu fasfo. Hanyar hamada kuwa ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, kada ma a fara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara daga kudancin Nijar, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace kusa da iyakar Aljeriya. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake cinikin baƙi a Libiya kamar awaki. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, tana nan, ana iya kai mata ƙara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Amma a gida me ake samu?

Mun san abin da ɗalibai za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce, Malam, ga masu digiri nan suna tuƙa Keke NAPEP daga Kwangila zuwa Samaru, ga yajin aikin jami'a da ya ci wata takwas a 2022, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro a hanya. Duk gaskiya ne. Tun 1984 gwamnati ta sa talla a talabijin tana roƙon wani mai suna Andrew kada ya bar ƙasa, amma da tsarin SAP ya zo a 1986 sai malaman jami'a da likitoci suka yi ta fita, har daga nan Zariya. Roƙo ba ya tsai da mai jin yunwa. Gaskiya ne kuma cewa 'yan Nijeriya da ke waje suna aiko da kuɗi wajen dala biliyan 20 a shekara, kuɗin da suka gina gidaje, suka biya kuɗin makarantar ƙanne, suka sayi magani.

Amma ku duba su wane ne suke aikowa. Yawanci su ne waɗanda suka tafi da abin yi, suka bi ƙofa, suka kuma yi haƙurin shekarun farko. Wusasa ta ba mu misali tun da daɗewa. Dokta R. A. B. Dikko ya tafi Birmingham ya yi karatu, ya zama likita na farko daga Arewa, ya dawo ya yi wa jama'arsa aiki. Ya san abin da ya je nema. Wahalar gida dalili ce ta yin shiri mai kyau, domin wanda ya gudu babu shiri yakan tarar da wata wahalar a inda ba shi da uwa ba shi da uba.

Abin da ke kanmu

Ku ɗalibai, shirin tafiya a aji yake farawa. Ku riƙe Turanci da lissafi da kyau, ku ci WAEC da NECO da guminku, domin a ɗakin jarrabawar can ba mai miƙo muku amsa. Ku koyi aikin hannu ko da guda ɗaya a lokacin hutu, ɗinki, ko aski, ko kitso, ko gyaran wuta, ko aikin famfo, ko kwamfuta. Ku koyi girki, maza da mata. Sunanku da ranar haihuwarku su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin harafi ɗaya yana iya tsai da mutum shekara. Idan lokaci ya yi, ku karanta ƙa'idar biza da idonku a shafin gwamnatin ƙasar a intanet, kyauta ne. Idan da hali ku gama digirin farko ko ku ƙware a sana'a a nan, ku yi aiki kaɗan, sa'an nan ku duba waje. Duk wannan shiri, ko ba ku tafi ba, zai amfane ku a gida.

Ku iyaye, muna roƙonku da girmamawa, kada a sayar da gonar gado ko gidan da iyali ke ciki saboda maganar dillali. Idan yaro ya tafi, a ba shi shekara biyu ya tsaya da ƙafarsa kafin a fara jera masa bukatu. Da yawa daga cikin yaran nan bashi suke ci su aiko, domin kada a ce sun kasa. Idan ya buga waya, a tambaye shi ko ya ci abinci, ko yana barci, ko yana da abokin hira. A kuma gaya masa tun kafin ya tafi cewa idan abu ya ƙi, ƙofar gida a buɗe take, ba wanda zai yi masa dariya. Tsoron dariyar mutane ya riƙe da yawa cikin wahalar da ya kamata su baro.

Ku tsofaffin ɗalibanmu da ke waje, wannan mujalla takan iso gare ku. Ku riƙa faɗa wa ƙannenku gaskiya, daɗin da wuyar duka. Wanda ya kafu ya zama mai masauki ga na baya, ya nuna masa inda ake sayen abinci da araha, ya duba masa takardar neman aiki, ya kai shi cikin jama'a. Makaranta da ikkilisiya kuma za su iya tara sunayen waɗanda suka yarda a tuntuɓe su, domin iyaye su sami wanda za su tambaya kafin su miƙa kuɗi ga wanda ba su sani ba.

A ƙarshe, mu dubi baƙin da ke cikinmu. Ga ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu bai iya ko sannu ba, ga ɗalibin jami'a daga Kamaru ko Nijar yana neman ɗaki a Samaru, ga wanda rikici ya koro daga ƙauyensu. Yadda muke so a karɓi 'ya'yanmu a Manchester ko Toronto, haka ya kamata mu karɓi waɗannan, kada mu tsauwala musu haya, kada mu ninka musu farashi a kasuwa don mun ji harshensu dabam.

'Yan aji shida, muna yi muku fatan alheri. Wanda zai zauna, Allah ya sa albarka a zamansa. Wanda zai tafi, ya yi shiri, ya bi ta ƙofa, ya kuma riƙa tunawa da gida. Allah ya kiyaye hanya, amin.